Kafin a sauke giyabos, a sa mita a kan sensar totur

Wani malamin makaranta daga Kano ya aiko da wannan wasiƙa:

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da Honda Accord ƙirar 2001, mai silinda 4 da giyar atomatik. Tun farkon hunturun bana ta ɗauki wata ɗabi'a: idan na taka totur a hankali sai ta yi kamar ta shaƙe sannan ta zabura, idan kuma na ɗaga ƙafa a shataletale sai allurar inji ta faɗi, wani lokaci har ta mutu. Bakaniken da ke duba mana mota aminin marigayi mahaifina ne, Baba muke ce masa, kuma shi ya riƙe 504 ɗin mahaifina har ta tsufa. Ya sauya fulogi, ya wanke nozul, ya sa sabon famfon mai, ya murɗa wani noti a bakin injekta don ya ɗaga silo, wato gudun inji idan ba a taka totur ba, daga baya ya sayo sensar totur ta gwanjo ya ɗaura. Yanzu motar ta daina mutuwa, amma silo ya yi sama, shan mai ya ƙaru, giya kuma tana shiga da bugu. Baba ya ce giyabos ne, a sauke a sa wani. Abin da na kashe ya kusa albashina na wata guda, kuɗin giyabos kuwa sai na ci bashi. Hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin in kai motar wani wuri labari ya koma masa. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce kada ka ci bashin nan a wannan makon, kuma kada ka yarda a kwance ko noti ɗaya daga jikin giyabos har sai an ɗora mitar auna wutar lantarki a kan wayoyi uku na sensar totur an karanta abin da take faɗa. Dalilina yana cikin wasiƙarka: ba ka ambaci bugun giya a cikin alamomin farko ba, sai bayan an murɗa noti an kuma ɗaura wata sensa. Duk larurar da ta biyo bayan gyara, wurin da aka taɓa shi ake fara tuhuma, kuma a nan wurin da aka taɓa yana da hanya kai tsaye zuwa ga yadda giya ke shiga.

Abin da makanikai ke kira bakin injekta wata ƙofa ce da iska ke bi ta shiga inji, a cikinta akwai faifan ƙarfe mai juyawa a kan sanda, wanda wayar totur ke buɗewa idan ka taka. A ɗaya ƙarshen sandar aka maƙala sensar, kuma aikinta bai wuce ta gaya wa kwamfutar motar, wato burenbos, iya buɗewar da faifan ya yi da kuma saurin da ya buɗe da shi ba. Ƙirarta irin ta maɓallin ƙara sautin tsohuwar rediyo ce: wani ɗan harshen ƙarfe yana gogawa a kan shimfiɗar baƙin sinadari, wutar da ke fita tana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon inda harshen ya tsaya. Waya ɗaya tana kawo wuta bolt 5 daga burenbos, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku kuma ita ke mayar da saƙo. A irin motarka, idan ƙafa ba ta kan totur saƙon yana zama wajen bolt 0.5, idan an taka har ƙasa ya kai wajen bolt 4.5. Da wannan ɗan lissafi burenbos ke gane cewa ka ɗaga ƙafa, sai ya karɓi ragamar silo. Da shi yake gane cewa ka danna da sauri, sai ya ƙara fetur nan take. Kuma da shi, tare da gudun motar, ake yanke lokacin da giyar atomatik za ta sauya.

To, wanda ya taɓa riƙe tsohuwar rediyo ya san yadda maɓallinta ke fara ƙarar gogayya a daidai wurin da aka fi ajiye shi. Haka sensar totur take cinyewa, kuma ta fi cinyewa a farkon tafiyarta, inda ƙafar mai tuƙi a cikin gari take yini tana kai da komo. Idan harshen ya zo kan wurin da ya goge, saƙon yakan yanke na ƙiftawar ido, burenbos ya ɗauka an saki totur, ya rage mai, sannan saƙon ya dawo ya sake ƙarawa. Wannan ya yi kama da shaƙewa da zaburar da ka bayyana, don haka Baba bai yi nisa da gaskiya ba da ya yi zargin sensar. Mutuwa a shataletale kuwa ta fi kama da datti. Ƙurar hunturu, idan iyakilina ta tsufa ko bututunta ya tsage, tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta yi danƙo a gefen faifan da cikin bawul ɗin silo, wanda shi ke ba inji iska a lokacin da faifan yake rufe. Mai yiwuwa ne tun farko larura biyu ce ta haɗu, wadda wanki zai magance da wadda sai sauyi.

Inda aka kauce hanya shi ne notin da aka murɗa, kuma ina so ka fahimci dalilin da ya sa hannun Baba ya tafi can, domin fahimtar za ta sauƙaƙa maka magana da shi. Mutanen da suka koyi aiki a kan 504 da 505, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970, sun koya ne a kan kafireta, kuma a kan kafireta murɗa noti don gyara silo shi ne daidai, kunnen gwani kuma shi ne ma'auni. A motar injekta, notin da faifan ke jingina da shi tun daga masana'anta aka saita shi, aikinsa kawai ya hana faifan cijewa a jikin bututu. Idan aka tura shi ciki, faifan ba zai ƙara rufewa sosai ba, sandar za ta tsaya a ɗan juye, sensar kuma za ta riƙa aika saƙon da ya haura na rufe. Daga nan burenbos zai zauna a kan zaton cewa ƙafarka tana kan totur ko da kana tsaye a danja. Silo zai yi sama, man da ya kamata a yanke idan ka saki totur a gangara ba za a yanke ba, kuma duk lokacin da ka jawo giya daga P zuwa D inji yana gudu fiye da ƙima, dole ta shiga da bugu. Abubuwa ukun da ka lissafa a ƙarshen wasiƙarka duk suna iya fitowa daga wannan noti guda.

Sai batun sensar da aka ɗaura. A Honda na wancan zamani, ramukan da ake ɗaure sensar ta cikinsu dogaye ne, an yi su haka don a iya juya ta kaɗan hagu ko dama, kuma wannan ɗan juyin shi ne saitinta. Masana'anta ta ɗaure ta da noti marasa kai don kada a taɓa, shi ya sa mai cire ta sai ya tsaga musu baki da zarto ko ya buga su da kurfi. Wanda ya cire tsohuwa ya ɗaura wata ya ƙulle ba tare da mita ba, sa'a kawai ya gwada, domin juyin da ido ba zai lura da shi ba yana iya mayar da 0.5 ta zama 0.8. Ƙari a kan haka, sensar gwanjo ta riga ta yi nata shekarun a ƙarƙashin ƙafar wani, kuma ba kowace mai soket iri ɗaya ce ta motarka ba. Akwai waɗanda harshensu ba ya kama sandar daidai, akwai ma masu juyawa ta ɗaya ɓangaren.

Ga abin da nake so a yi, kuma ina so ka tsaya a wurin da kanka. Ka fara da murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka duba ko wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji a dashbod, ta kama na ɗan lokaci, domin akwai motocin hannu da ake cire wa ƙwan don kada mai saye ya gani. Sannan a jona na'urar karanta lambobin larura. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da soket ɗinta, yawanci a ƙarƙashin dashbod. Lambar P0122 tana nufin saƙon sensar ya yi ƙasa ƙwarai, P0123 ya yi sama ƙwarai, kuma Honda tana da nata biyu, P1121 da P1122, masu cewa saƙon ya gaza ko ya wuce abin da ake tsammani. Lambobin giyabos kuwa yawanci da P07 suke farawa. Ka rubuta duk lambar da ta fito a takarda kafin kowa ya goge ta, kuma ka sani lambar tana nuna layin da ke da matsala ne kawai, ba ta rantse cewa sensar ce ta mutu ba. Wayar da ɓera ya ci ko soket ɗin da ruwan wankin inji ya sa ya yi tsatsa za su ba da lamba iri ɗaya.

Bayan haka sai mita. A bar soket a jone, a zura siririyar allura ta bayansa har ta taɓa ƙarfen kowace waya, makulli a buɗe, inji a kashe. Kada a yarda a huda rigar waya, domin ta nan danshi ke shiga daga baya. Waya ɗaya za ta nuna kusan bolt 5, ɗaya kusan sifili, ta ukun ita ce abar nema. Idan bolt 5 ɗin babu, ko ta ƙasan tana nuna wuta, to a bar sensa a bi waya. Idan suna nan daidai, a karanta ta ukun da totur a rufe, sannan wani ya riƙa buɗe faifan da hannu sannu a hankali, kamar mai ɗaga murfin tukunyar da ke tafasa, ido yana kan mita. Abin da ake so shi ne lamba ta riƙa hawa ba tsalle ba faɗuwa har ta kai wajen 4.5, ta kuma sauko haka. A maimaita sau uku ko huɗu, a ɗan ƙwanƙwasa jikin sensar da bayan sukudireba, a girgiza wayoyin. Mita mai allura ta fi mai lambobi kama gajeriyar yankewa, domin allura tana rawa nan take, mai lambobi kuwa tana iya tsallake ta. Idan a fuskar na'urar karanta lambobi ake kallo, kada ka firgita don ka ga wajen kashi 10 cikin ɗari alhali totur a rufe yake. Rabin bolt a cikin biyar ke nan, kuma haka ya kamata.

Amma a lura da jerin aikin, domin a nan mutane da yawa ke ɓata wahalarsu. Ba a saita sensa a kan faifan da ba ya rufewa. A fara cire bututun iska a wanke bakin injekta da bawul ɗin silo da maganin feshin da aka yi don haka, ba tare da an fesa cikin sensar ba. A mayar da notin da aka murɗa inda yake. Sau da yawa tabon fenti ko tsatsar da ke jikin zarensa suna nuna tsohon mazauninsa, kuma Baba da kansa zai iya tuna zagaye nawa ya yi masa. A duba wayar totur ta kasance da ɗan sassauci, kada ta riƙa jan faifan alhali ba a taka ba. A bi ƙananan tiyo na iska a tabbatar babu wanda ya tsage ko ya zame, a kuma duba ruwan lagireto, domin a waɗannan injina ruwan yana bi ta jikin bawul ɗin silo, kuma idan ya yi ƙasa ko iska ta shiga layinsa silo yakan riƙa hawa da sauka. Sai an gama wannan duka sannan a sassauta notin sensar biyu, a juya ta a hankali har mita ta tsaya a kan 0.5, a ɗaure, a sake karantawa, domin ɗaurin kansa yakan gusar da ita kaɗan. A buɗe totur har ƙarshe a ga ya kai wajen 4.5, a sake shi ya koma da kansa a ga ya dawo lambar farko kowane lokaci.

Idan gwajin ya nuna yankewa a tsakiyar tafiya, saiti ba zai yi magani ba, sai sauyi. Ka tambayi Baba ko tsohuwar sensarka tana nan, domin ba mamaki a gwada ta a tarar lafiyarta ƙalau. Idan saye ya zama dole, ka tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da tsohuwar a hannu da kuma mai mita a gefenka, a gwada wadda za a ba ka a gaban mai shago, a kuma yi sharaɗin mayarwa. A ganina, a irin wannan mota, sayen bakin injekta na gwanjo sukutum wanda notinsa marasa kai suke nan ba a taɓa ba ya fi sayen sabuwar sensa marar suna a cikin leda, domin na farkon yana ɗauke da saitin masana'anta, amma shi ma sai an gwada shi, kuma a sa masa sabon gasket. Wajen ɗaura sensa ita kaɗai, a tabbatar harshenta ya zauna a kan sandar kafin a ɗaure. Idan sai an danna da ƙarfi ramuka suke haɗuwa, to ba ta zauna ba, kuma buɗewar totur ta farko za ta karya cikinta.

Da an kammala, a goge lambobin da na'ura, a tayar da inji ya yi zafi har fanka ta kama, sannan a bar shi a silo minti 5 zuwa 10, ba AC, ba fitila, ba taɓa totur, don burenbos ya sake koyon silonsa. Allura ta zauna tsakanin 700 da 800. Idan an cire wa motar tamostat, ko an jona fanka kai tsaye kamar yadda ake yawan yi a garejinmu da sunan maganin zafi, inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, silo da shan mai kuma ba za su daidaita sosai ba. Wannan ma abin mayarwa ne. Mai karatun da motarsa ta baya-bayan nan ce, wadda ba ta da wayar totur sai ƙaramin moto a bakin injekta, kada ya ɗauki wannan bayani ya nufi sukudireba: sensar irin waɗannan a rufe take, saƙo biyu take aikawa, ba a juya ta da hannu.

Ban ce giyabos ɗinka lafiya lau yake ba, kuma adalci ne in faɗi abin da ke goyon bayan Baba. Giyar atomatik ta Accord ɗin 1998 zuwa 2002 ba ta yi suna wajen ƙarko ba, kuma duk bakaniken da ya daɗe a sana'a ya sauke da yawa daga cikinsu, don haka zarginsa daga gogewa ya fito. Sai dai giyabos mai mutuwa yana da nasa shaidu: inji ya yi ƙara mota ba ta ja ba tsakanin giya da giya, wutar D4 ta riƙa ƙiftawa a dashbod, man giya ya yi baƙi yana warin ƙuna. Ka zaro sandar gwajin man ka goga a farar takarda ka shinshina. Idan bayan an daidaita totur bugun ya tafi, ka tsira da kuɗinka. Idan ya rage amma bai tafi ba, a sauya man giyar da irin wanda Honda ta tanada, a duba robobin da inji ke zaune a kansu, sannan a sake magana. Idan kuwa shaidun nan sun bayyana, to Baba ya yi gaskiya, kuma za ka ci bashin kana sane da abin da kake saye.

Saura nauyin da kake ji, wanda na san shi ne ainihin abin da ya sa ka rubuto. Kada ka ɗauke motar a ɓoye. Garejin Kano ba sa riƙe sirri, kuma ranar da Baba ya buɗe bonet ya ga hannun wani a wurin, abin zai fi yi masa ciwo fiye da duk maganar da za ka faɗa masa a gabansa. Sa'ar da ka yi ita ce aikin da ake bukata ba na bakanike ba ne tun asali, na mai wayarin ne, kuma babu bakaniken da ke jin an rage masa daraja don an kira mai wayarin, kamar yadda ba ya jin haka idan an kira mai fenti ko mai walda. Ka je ka same shi da safe kafin gareji ya cika, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: "Baba, kuɗin giyabos ɗin nan sun fi ƙarfina a yanzu, sai na ci bashi. Ina so kafin nan a sa mata kwamfuta a gwada wayoyin totur, ko Allah zai sa a samu sauƙi. Wa kake ganin za mu kira?" Ka bar masa zaɓin mutumin idan yana da shi; idan ba shi da shi, ka ce an yi maka kwatancen wani, kana so a yi aikin a garejinsa, a gabansa. Dattijo irinsa ya san karen bana shi ke maganin zomon bana, ba sai yaron da ya girma a gabansa ya tuna masa ba, kuma kada kalmar kuskure ta fito daga bakinka ko da mita ta nuna shi ƙarara. Idan aka zo mayar da notin, shi za ka roƙa ya mayar da hannunsa.

Kafin ranar, ka rage shiga da motar cikin cunkoso da ɗaukar iyali a cikinta. Silon da ya yi sama yana sa mota ta riƙa turawa gaba da kanta a kan giya, idan kuma ta koma mutuwa, sitiyari zai yi nauyi nan take, birki ma ya taurare bayan taku ɗaya ko biyu. Ka tafi gareji da littafi da biro, ka rubuta lambar da mita ta nuna a rufe da wadda ta nuna a buɗe, kafin gyara da bayansa, ka ajiye takardar tare da takardun motar.